Finjali na Uku a Cikin Dutse

Gwiwa ce ta kai ni gari ranar, ba yawo ba. Likitan ƙashi ya matsa nan, ya matsa can, ya ce in rage hawan tudu. Na ce to, sai ya zo ya sauko mini da ƙauyenmu ƙasa. Ya yi dariya, ya rubuta magani, na fito. Ina isa tasha na tarar motar ƙauyenmu Brezik ta tashi, wata kuma sai bayan magariba.

Ƙarshen kaka ne. Tun la'asar rana ta faɗa bayan duwatsu, hayaƙin itace ya kwanta a kan rufin gidaje, kogi yana ta gurnani a ƙarƙashin gada. Na zauna a benci da jakata a cinya, sandata a gefe. Ba sauri nake ba, don ba mai jirana a gida. Mijina Nusret ya yi shekara huɗu a ƙasa. Ɗanmu Senad yana Ostiriya da iyalinsa, yakan kira ran Lahadi ya tambayi hawan jinina, in ce lafiya lau, shi ke nan an gama hirar mako. Kaji ma na sayar da su, don na kama kaina ina ba su labari.

Sai wata ƙaramar bas ta tsaya a gabana. Ekrem ne, direba ɗan ƙauyenmu, wanda na san shi tun yana yawo ba wando, yanzu ga furfura ga tumbi.

"Inna Zumreta, wa ya yasar da ke a nan?"

"Wanda bai koya maka gaisuwa ba."

"To barka da yamma. Ya gwiwa?"

"Tana gaishe ka."

Ya nuna bayansa da babban yatsa. Baƙi ne cike da motar, jajayen fuskoki, kowa da abin ɗaukar hoto a wuya.

"Rami zan kai su, sahun ƙarshe ke nan. Shigo ki ga inda Baba Nusret ya riƙa ɓoye miki. Ya fi ki daskare a benci. In mun fito ni zan sauke ki har ƙofar gida."

Rami. Haka muke ce masa. Gwamnatin da ta shuɗe ce ta fafe cikin dutse ta gina gari guda a ɓoye, don ranar da aka jefo bam ɗin nukiliya shugaban ƙasa da manyansa su shige su ja ƙofa, mu na waje kuma Allah ya ji ƙanmu. Bam bai faɗo ba. Shugaban ya mutu bai taɓa kwana a ciki ba. Ƙasar ma da aka gina wa abin ta tarwatse, aka bar rami da gadajensa.

Nusret yana cikin 'yan sojojin da suka yi tsaron wurin, shi ne mai kula da injin iska. Shekara goma sha wani abu yana fita da jaka, ya yi mako, ya dawo, ni kuwa ina zaton a wani sito na bariki yake ƙirga barguna. Ban sani ba sai bayan yaƙi da daɗewa. Muna zaune yana feren tuffa, aka nuno wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe a talabijin, wasu samari suna kokawa da ita. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sai an ɗaga mariƙin sama kafin a murɗa, sakarkaru." Sai ya ci gaba da ferensa.

Na tasa shi gaba da tambaya har na gaji. Ya ce ya yi rantsuwa. Na ce wa ka yi wa, ƙasar ai ta mutu. Ya ce rantsuwar ba ta mutu ba. Mutumin nan cikinsa ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Abu ɗaya ya taɓa faɗa mini, shi ma da aka fara kai 'yan kallo.

"Kada ki je, tsohuwa. Gidan da aka gyara wa baƙi, aka shimfiɗa gado, baƙin ba su zo ba, ba ya zama haka nan. Wani yakan zo."

Na shiga motar Ekrem. Rabi haushi ne, don har yau ina jin zafin shekarun da dutse ya cinye mini. Rabin kuma kewa ce tsagwaronta. Ina so in tsaya inda ya tsaya, ko sau ɗaya.

Daga waje gida ne kamar kowane gida a bakin kogi, jan rufi, labule a taga. Wata yarinya mai suna Belkisa ce ke zagayawa da mutane. Ta yi wa baƙin Turanci, ta juyo ta yi mini namu.

"Inna, za ki iya kuwa? Da tafiya a ciki."

"Na yi tafiyar da ta fi wannan ina ɗauke da buhun gari, ana harbi. Wuce mu je."

Bayan falon gidan babu ɗaki, sai ƙofar ƙarfe mai kaurin katifa. Bayanta wata. Bayan wannan kuma wata. Muna ƙetare ta ƙarshe na tsaya cak.

Warin ne. Siminti mai danshi, man dizal, sanyin ƙarfe. Warin rigunan mijina. Shekara da shekaru ina dirje shi da sabulu ina mita, ina cewa wane irin sito ne wannan da ba a buɗe taga. Ashe ga gidansa nan. Hawaye ya cika mini ido, na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Muka bi dogon lungu fari, fitilu a jere a sama suna ɗan zuzu. Ko'ina ƙofofi. Ga ɗakunan kwana, gado kan gado, katifu har yau a cikin ledarsu. Ga zauren taro da kujerun da ba a taɓa zama a kansu ba. Ga ɗakin matar shugaba da madubinta, har sabulai an jera mata, a zamanin da mu muke layin man girki tun asuba. A kusan kowane ɗaki akwai jan tarho a kan tebur. Belkisa ta ɗaga wayar ɗaya ta nuna mana inda aka datse ta, ta ce tun da aka kafa su ba wanda ya taɓa ƙara. Baƙin suka yi ta karawa a kunne suna ɗaure fuska, ana ɗaukar su hoto, suna ƙyalƙyala dariya.

Ni ban ga abin dariya ba. Wuri ne da aka share, aka goge, aka yi ta jira. Na san irin wannan gidan, a cikinsa nake kwana.

Can ciki gwiwata ta ce ta gama. Na dafa bango. Belkisa ta riƙo hannuna ta tura wata 'yar ƙofa da ba ta cikin abin da ake nuna wa baƙi.

"Nan masu tsaro suke cin abinci. Huta a nan, Inna. Hanyar zagaye take, ta nan za mu dawo in ɗauke ki."

"Kada ki manta da ni, 'yata. An fara sabawa."

"Wa zai manta da ke da wannan bakin?"

Ta tafi tana dariya. Na ji takunsu yana nisa, muryoyin suna ƙanƙancewa, har lungun ya haɗiye su.

Ɗakin ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujeru biyu, wani tsohon rishon lantarki a kusurwa. A duk ramin nan, nan kaɗai ne na ga alamar mutum ya rayu. Gefen teburin duk ƙunar taba. Fentin ƙasa ya goge a ƙarƙashin kujerun, inda takalma suka yi ta gogawa. Na shafa ƙunar da yatsa, ina cewa ko wacce ce tasa.

Sanyi ya fara shiga ƙashina. Na buɗe jaka na fito da filas ɗin gahawa, da kwalbar ruwan shan magani, da ƙwayoyin sukari a ƙulle a hankici. Na warware tsumman da nake naɗe finjalai. Biyu ne, kullum biyu nake ɗauka.

A wurinmu ba a zuba gahawa finjali ɗaya. Ko kai kaɗai ne, sai ka zuba wani ka ajiye a gefe, na wanda zai iya shigowa. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Tun rasuwar Nusret nake zuba na biyun kowace safiya, ya huce, in zubar a gindin furanni. An ce sabo turken wawa. Hannuna ne ya yi aikinsa, ni hankalina yana kan ƙunar taba. Na cika nawa, na cika ɗayan, na tura shi gaban kujerar da ba kowa, na ɗora sukari a gefensa.

Ban yi bisimilla ba. Ban kuma tuna cewa a waje magariba ce ke faɗuwa ba. A cikin dutse ba a ganin wannan.

Injin iska ya tsaya.

Ban san ina jin ƙararsa ba sai da ya ɗauke. Wurin ya yi tsit, har ina jin jini a kunnena. Tururin gahawar da ke miƙewa sama ya lanƙwasa, ya nufi ƙofa.

Sai taku a lungu. Ba na takalmin baƙi ba. A hankali, ana ɗan jan ƙafar hagu.

Sai tari. Gajere, sau biyu, da gyaran murya a ƙarshe.

Shekara talatin da ɗoriya ina jin tarin nan ta bayan ƙofa kafin a murɗa mabuɗi.

Na kafe idona a kan tebur. Na ji an shigo. Warin taba da sabulun aski ya cika ɗakin. Kujerar da ke gabana ta ja baya, ta yi ƙara, nauyi ya sauka a kanta.

"Kin daɗe, tsohuwa."

Ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tashin yaro daga barci.

Na san abin da ake karantawa. Tun ina 'yar shekara bakwai na haddace shi. Yana nan a kan harshena. Ban karanta ba. Gara in faɗi gaskiya, ba tsoro ne ya hana ni ba. Ba na so ya tafi ne.

Hannu ya shigo cikin abin da idona ke gani. Hannun rigar sanyi mai ruwan toka, irin wadda na saƙa masa. Yatsun suka ɗauki sukarin, suka tsoma gefensa a gahawa. Na ji ƙurus, an gatsa. Sai kurɓa, doguwa, da ajiyar zuciya a bayanta.

"Har yanzu kina cika mata ƙarfi," ya ce.

"Har yanzu kana mita," na ce. Muryata ta fito kamar ta wata.

Ya yi 'yar dariyarsa ta hanci. Wallahi sai na ji wani ɗumi ya sauko mini tun daga wuya. Na kurɓi tawa. Muka zauna kamar yadda muke zama a gida bayan la'asar, ba mai cewa komai, finjali yana taɓa tebur yana tashi.

Finjalinsa ya dawo gabana, babu komai a ciki.

Ta farko ta maraba ce, ta biyu ta hira. Na zuba.

"Ya Senad?" ya tambaya.

"Yana kira ran Lahadi."

"Sauran kwanakin fa?"

Na juya finjalina a kan tebur.

"Na sani," ya ce. "Agogo, da murhu, da taga. Ki leƙa hanya, ki dawo ki zauna. Ki dafa abin mutum biyu, ki ci na rabin mutum."

Hawaye ya gangaro mini har haɓa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini rayuwata haka, ko ni kaina. Amma wani abu ya ɗan soke ni. Nusret bai iya irin wannan magana ba. In ya ga ina kuka, fita yake ya hau faskaren itace.

Na lura gwiwata ta daina ciwo. Sanyin ma ya tafi. Ƙafafuna sun yi nauyi, nauyi mai daɗi, irin na wanda barci ya fara ɗauka.

Daga nesa, can wajen da muka shigo, ƙarfe ya yi kuka. Sai dum.

Ƙofa ɗaya ke nan.

"Rufewa suke," na ce.

"Bar su. Me za ki koma yi? Ga gadaje nan ba wanda ya taɓa kwanta a kai, zaɓi wanda kike so. Nan ba sanyi, ba zafi, ba dare, ba rana." Ya sassauta murya. "Nan ba a jiran Lahadi."

Ya kurɓa.

"Hannunki ya fi nasa. Shi ma haka yake zuba mini, amma ba ya barin kumfa."

"Wa?"

Finjalin ya tsaya a hannunsa.

"Ni," ya gyara. "Ni nake nufi."

Idona ya koma kan hannun. Yatsun sun zagaye finjalin, sun kuma sake zagaye shi. Kowane yatsa da gaɓa ɗaya fiye da yadda Allah ya yi wa mutum.



Ya gane na gani. Bai ɓoye hannun ba. Da ya sake magana, muryar ta riƙa zamewa. Ta fara da Nusret, ta koma ta wani saurayi mai harshen mutanen bakin teku, ta koma ta wani dattijo mai kaushin maƙogwaro, ta dawo.

"Da sojojin suna nan, kullum da finjalina a teburin nan. Ismet ya zuba mini. Dragan ya zuba mini. Naki ya fi su daɗewa. Ba ya magana, amma yana zama." Kujerar ta yi ƙara, ya matso. "Rana ɗaya suka kwashe jakunkunansu. Ba wanda ya ce sai wata rana. Yanzu sai masu hoto. Su shigo, su yi dariya, su fita. Ba mai zama."

Ba ƙarya a wannan maganar. Na ji ta har cikin ƙirjina. Tsoro ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanne ya fi. Ko mene ne shi, kewa ce ke cin sa, irin wadda ke ci na.

Kuma na so in zauna. Na hango gidana, duhu a taga, murhu a mace. Na ce a raina, ko ba shi ba ne, ai muryarsa ce. Mutum nawa ne ke samun ko da muryar?

Ƙarfe ya sake kuka. Dum.

Saura ɗaya.

Finjalin ya zamo gabana a kan tebur, ba tare da na ga an tura shi ba.

"Zuba na uku, Zumra. Mai kyau. Ba irin wanda yake ba ni ba."

"Wane iri yake ba ka?"

"Kullum sai ya ɓata hirar. Ruwa-ruwa, ba kumfa, ba ƙamshi. Sai in tashi dole."

Nan na gane.

Kowa a ƙasarmu ya san gahawa ta uku. Ba a ce wa baƙo tashi ka tafi, wannan rashin kunya ne. In ya zauna ya wuce kima, sai a ƙara ruwa a kan guntun da ya rage a tukunya, a zuba masa. Ya sha, ya gane, ya nemi takalminsa. Baƙon da ya karɓi ta maraba, dole ya karɓi ta sallama.

Ashe haka Nusret yake tashi daga teburin nan. Shekara da shekaru yana zama da wannan abin a cikin dutse, ya shayar da shi, ya sallame shi, ya ɗauki jakarsa ya dawo mini. Ni kuwa in tare shi da mitar warin riga.

Na jawo filas. Guntu ne a ƙasa, baƙi, duk gari. Na buɗe kwalbar ruwan magani. Na tsiyaya ruwan a cikin filas.

Ruwan sanyi. Ko maƙiyi ba a yi wa haka.

Na girgiza, na zuba. Ta fito kamar ruwan wanke tukunya. Na tura masa. Ban sa sukari ba.



Da ya yi magana, bai yi da fushi ba. Da ma ya yi. Muryar asibiti ya ɗauko, ta kwanakin ƙarshe, lokacin da Nusret ke neman hannuna a kan bargo.

"Ni za ki ba wannan, tsohuwa?"

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ba mutumin nan gahawar sallama ba. Ko ranar da muka yi faɗa mafi muni.

"Sha, baƙo," na ce. "Magariba ta yi. Ana jiran ka a gida."

"Ba mai jirana."

"Ni ma haka. Sha."

Yatsun suka naɗe finjalin. Na ji kurɓa ɗaya. Finjali ya sauka, a kife.

Kujerar ta ja baya.

Warin taba ya ɗauke, kamar an zare shi daga hancina. Ciwon gwiwa ya dawo mini gaba ɗaya, har na cije leɓe. Ban taɓa murnar ciwo ba sai ranar.

Fitilar ɗakin ta mutu.

Na lalubi sandata. Jaka, filas, finjalai, duk na bar su. Na fito lungu. A dama duhu ne baƙi ƙirin. A hagu, can nesa, fitila ɗaya tana ci.

Na nufe ta. Sanda, ƙafa. Sanda, ƙafa.

A bayana tarho ya fara ƙara.

Tsohuwar ƙararrawa, mai tsini, tana dukan bango tana dawowa.

Ya tsaya. Na ɗakin da ke gaba da shi ya ɗauka.

Sai na gaba.

Biyo ni suke, ɗaki bayan ɗaki.

Na wuce wata ƙofa a buɗe. Na ciki ya fashe da ƙara daidai kunnena. Sai na ji ƙit, an ɗaga. Wata 'yar murya ta fito daga cikinsa, siririya, daga nesa.

"Zumra. Ko rabin finjali."

Ban waiwaya ba. Yanzu kam Ayatul Kursiyyu ta zo, ta fito da kanta, ina yi ina haki, ina tuntuɓe a kan kalmomin. An ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Likitan da ya hana ni hawan tudu da ya gan ni ranar, da ya yaga takardarsa.

Hasken gaba ya fara tsukewa. Ƙarfe yana kuka.

Na ɗaga sanda na maka wa bango. Na sake makawa. Na kira sunan Ekrem da abin da ya rage mini na numfashi.

Kukan ƙarfen ya tsaya.

Hannu ya shigo ta tsagar, hannun mutum, gajerun yatsu masu warin man mota. Ya cafko ni ya fizgo. Suka buɗe mini sauran ƙofofin, suka fito da ni, na zube a kan matakalar gidan nan mai labule. Iskar kogi ta bugi fuskata. Can a gari ana kiran sallar isha.

Belkisa ta durƙusa a gabana, fuskarta fari fat.

"Inna, ina kika shiga? Sau biyu na leƙa ɗakin nan. Na kira ki. Ba kowa, kujeru ne kawai. Na ɗauka kin gaji kin fita."

"Ni na ce a sake dubawa," in ji Ekrem. Bai yi ko murmushi ba. "Na ce matar nan ba ta tafiya ba ta zage ni ba."

"Kun ji tarho?" na tambaya.

Suka dubi juna.

"Wane tarho, Inna?"

Ekrem ya kai ni har ƙofar gida kamar yadda ya yi alkawari. Ya shiga ya hura mini murhu. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Belkisa ta aiko a gaya mini jakata tana wurinsu, na ce su ba wanda suka ga dama.

Ran Lahadi Senad ya kira. Ya tambayi hawan jini, na ce lafiya lau.

Sai bayan kwanaki na gane abin da na baro a can. Da, in na rufe ido, ina jin Nusret. Yadda yake kiran sunana daga lambu, yadda yake mita in miya ta yi gishiri. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Yanzu fuskarsa tana nan, hannuwansa suna nan, ina ganin bakinsa yana motsi. Muryar ce babu. Na neme ta a farke, na neme ta a mafarki. Ni na sallame ta da hannuna, ita kuwa baƙuwa ce mai kunya, ba ta dawo ba.

Gidan ya yi mini shirun da ban iya ɗauka. Don haka kowace la'asar nakan ɗauki sanda in gangara gidan maƙwabciyata Fadila, wadda da sai in yi wata ban leƙa ta ba. Tana da jikoki, da miji mai kallon ƙwallo, da hayaniya har ta yi yawa. Ta zuba mini ta farko, ta zuba ta biyu. Idan duhu ya fara, tana satar kallon tukunyar da ke kan wuta, sai in ji ta a madafa tana ƙara ruwa a hankali don kada in ji.

Ta kawo, ta ajiye a gabana, ba ta haɗa ido da ni.

Ina gane ta tun daga launi. Sai in riƙe finjalin da hannu biyu, in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in tambaye ta labarin jikanta na fari.